Na Kashe wa Ɗalibina Baki a Darasin Kimiyya, Yaya Zan Gyara?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, shekarata biyu da fara aiki. Ba kimiyya na karanta ba, amma da malamin da ke koyar da ita ya bar makarantarmu sai aka ɗora mini darasin a aji huɗu. Yara 62 ne a ajin. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, daga allo da alli sai littafi guda da ke hannuna. Abin da nake yi shi ne in karanta da dare, da safe in rubuta a allo su kwafa.

Makonni uku da suka wuce ina koya musu cewa tsirrai daga ƙasa suke samun abincinsu, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in dai bishiya ƙasa take ci, me ya sa ba ma ganin rami a gindin manyan bishiyoyi?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban san amsa ba, kunya ta rufe ni, sai na daka masa tsawa na ce ya daina raina mini hankali. Tun ranar bai ƙara buɗe baki a darasina ba, alhali da shi ya fi kowa tambaya.

Abin ya dame ni, na ce bari in sauya salo. Na kawo baho da ruwa don mu gwada abin da ke nutsewa da wanda ba ya nutsewa. Kafin in ankara yara sun yi caa a kan bahon, ruwa ya malale ya jiƙa littattafan wasu, hayaniya ta cika makaranta. Hedimasta ya shigo ya yi mini faɗa a gabansu, ya ce ba wasan ruwa aka ɗauke ni yi ba, in gama manhaja kafin jarrabawa. Wata malama da ta girme ni ta ce in daina wahalar da kaina, in rubuta su kwafa kamar kowa. Wani uba kuma ya aiko cewa ya duba littafin 'yarsa bai ga rubutun ranar ba.

Yanzu duk ranar da nake da kimiyya, tun daga gida gabana ke faɗuwa. Ina tunanin in roƙa a sauya mini darasi, wani lokacin ma sai in ji kamar in ajiye aikin. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wata malama

Wa'alaikumus salam, Malama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duka biyun a wuri ɗaya na tsaya, inda kika ce yaron bai ƙara buɗe baki ba. Malamai nawa ne ke daka wa yaro tsawa da safe, kafin a tashi sun manta? Ke makonni uku ke nan shirunsa ya hana ki sakat. Wannan damuwar ce ta sa ba na so ki yi gaggawar barin darasin, balle aikin. An ɗora miki abin da ba ki karanta ba, an haɗa ki da yara 62 da littafi guda, ba wanda ya zauna ya nuna miki yadda ake yi. Duk mai tsoron cin amana haka gabansa ke faɗuwa idan aka ba shi riƙon abin da bai gama sani ba. Duk da haka zan gaya miki inda kika yi kuskure ba tare da kwana-kwana ba, don na ga gyara kike nema.

Mu fara da tambayar yaron, domin a ganina rabin maganin matsalarki yana cikinta. Bai raina miki hankali ba, ƙanwata. Maganarki ya ɗauka da gaske fiye da sauran, ya auna ta da abin da idonsa ke gani kullum, ya ga ba su zo daidai ba. Kuma shi ke da gaskiya. Bishiya ba ta cin ƙasa. Abin da saiwarta ke zuƙowa ruwa ne da 'yan sinadarai kaɗan da suka narke a cikinsa. Abincin kuwa a ganye take haɗa shi. Ganye yana ɗaukar iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, ya haɗa ta da ruwa, hasken rana ya ba da ƙarfin aikin, sai sukari ya samu. Da wannan sukarin ake gina kututture da rassa da saiwa. Wato yawancin nauyin busasshen itace daga iska ya fito. Ko manya idan suka ji haka sai sun yi shiru sun sake tambaya.

A ƙarni na 17 wani likita a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya yi irin wannan tambayar, ya kuma tashi ya gwada. Ya busar da ƙasa ya auna, kimanin kilo 91, ya zuba a babbar tukunya, ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya. Shekara 5 ruwa kawai yake ba ta, ya kuma rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga. Da ya tumɓuke ta ya auna, ta kai wajen kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya ɗora a ma'auni, abin da ya ragu bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya zama itace. Rabin amsar ya samu, aikin iska da haske sai waɗanda suka zo bayansa suka gano. Ki ba yaranki wannan labarin dukansa, har da wurin da mutumin ya yi kuskure. Za su ji cewa ana iya yin tambaya mai kyau, a yi aiki mai kyau, amsar kuma ta zo da saura.

Yaron yana bin ki bashin ban haƙuri, kuma tunda a gaban aji aka kunyata shi, a gaban aji za a wanke shi. Amma ki fara kiransa gefe lokacin tara, ki ce, "Tambayar da ka yi mini rannan mai kyau ce. Ban san amsarta ba a lokacin, bai kamata in yi maka tsawa ba. Na bincika, kuma ina so mu gwada da 'yan ajinmu. Ka yarda in ce kai ka kawo ta?" Idan ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, kada ki matsa, wani yaron sai bayan kwanaki yake sakin jiki. Washegari ki rubuta tambayar a saman allo, ki gaya wa aji cewa abin da kika koya musu ranar bai cika ba, ga gyaransa. Na san abin da ke ranki, kada su raina ki. Yara sun fi saurin raina malamin da suka gane yana ɓoye rashin saninsa a bayan tsawa. Magabata ma sun ɗauki faɗin "ban sani ba" a matsayin rabin ilimi. Abin da kawai za ki kiyaye shi ne kada "ban sani ba" ta tsaya ita kaɗai. Ki bi ta da "amma ranar Laraba zan zo muku da amsa", kuma ki cika alkawarin.

Daga nan ki mai da tambayar gwaji, wanda ba ya buƙatar baho kuma ba ya tayar da hayaniya. Ki samo kofunan roba huɗu ko gindin gorar ruwa da aka yanke, da auduga, da ƙwayar wake. Na farko jiƙaƙƙiyar auduga a bakin taga. Na biyu jiƙaƙƙiyar auduga a cikin kwali rufaffe. Na uku busasshiyar auduga a bakin taga. Na huɗu jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin taga. Kowane kofi ki sa ƙwaya biyar, domin a cikin iri ba a rasa matacce, kuma idan ɗaya tak kika sa ta ƙi tsirowa, gwajin ya ruɗe. Ki tambaye su me ya sa kofi na farko da na biyu suka yi daidai a komai in ban da haske. Yara sun san adalci tun daga tsere: ba a yarda wani ya tsaya gaban layi. Haka gwaji yake, abu ɗaya ake sauyawa, a bar sauran yadda suke.

Kafin a ga komai, kowa ya rubuta hasashensa. Kusan dukansu za su ce na cikin duhu ba zai tsiro ba, na kan auduga ma ba zai tsiro ba tunda babu ƙasa. Cikin 'yan kwanaki za su ga saiwa ta fara leƙowa, kuma ita ke riga ganye fitowa. Na cikin kwali zai tsiro, har ya fi sauran tsayi, amma siriri, fari-fari mai ruwan ɗorawa, ba ƙwari. Ki tsaya a nan ki bar su su yi gardama, kada ki yi saurin raba ta. Sannan ki nuna musu ɓari biyun ƙwayar yadda suke yamushewa kullum: guzurin da tsiron ya zo da shi ke nan, idan ya ƙare kuma babu haske, tsiron zai kwanta. Gwajin nan bai nuna iska tana shiga ganye ba, wannan sai ki faɗa musu da baki, amma ya nuna musu da idonsu cewa ana tsiro ba ƙasa, kuma ba a yin kore ba haske. Awon tsayin da rula ko zare duk bayan kwana biyu ki damƙa shi a hannun mai tambayar, tare da wata yarinya daga cikin masu shiru.

Batun baho kuwa, niyyarki ba ta da laifi, tsarin ne ya sami giɓi. Ruwa guda, yara 62, ba wanda aka ba wani aiki, dole kowa ya rugo ya gani. Da ba su damu ba ai da suna zaune. Ki sake yin darasin, amma a juye. Kayan gwaji su zauna a cikin jaka, littattafai a ƙarƙashin benci. Ki ɗaga ƙusa ƙarama a hannun dama, guntun katako mai nauyi a hagu, ki bari biyu ko uku su ɗaga su ji nauyinsu. Ki tambaya wanne zai nutse. Masu cewa katako su ɗaga hannu, monita ya ƙirga, a rubuta adadin a allo. Masu cewa ƙusa ma haka. Ki nemi dalili daga kowane ɓangare. Sai bayan kowa ya ɗauki matsayi za ki ɗora bokitin roba mai nuna ciki a kan tebur, yaro ɗaya ya fito ya saka. Wanda ya riga ya faɗi hasashensa a bainar jama'a yana zaune ne yana jiran ya ga ko ya ci, shi ya sa za ki ji ajin ya yi tsit. Daga nan ki kawo dunƙulen yumɓu, a jefa ya nutse, ki ciro shi ki mai da shi kamar ƙaramar tasa, ki aza a hankali ya zauna a kan ruwa. Nauyin bai sauya ba, siffar ce ta sauya. Ki tambaye su yadda jirgin ruwa na ƙarfe yake ɗaukar kaya bai nutse ba, ki bar su su tafi gida da tambayar.

Wannan jeri na hasashe, sai kallo, sai bayani, shi nake so ya zame miki jiki, don kusan kowane babi na littafinki zai shiga cikinsa, kuma minti 10 zuwa 15 ya ishe shi. Raba yara rukuni-rukuni ki ɗan jinkirta shi sai kin yi irin wannan sau uku ko huɗu. Kafin nan ki koya musu alamar tsayawa, misali ki tafa sau uku, su amsa da tafi biyu su ɗora hannu a kan benci. Ki yi ta maimaita ta a ranar da ba gwaji, har ta zauna. Idan kin zo rabawa, kowane yaro a rukuni ya san aikinsa: mai karɓo kaya, mai gwadawa, mai awo, mai rubutu, mai faɗa wa aji, mai kwashewa. Ki riƙa juya ayyukan, in ba haka ba masu ƙarfin hali biyu ne za su riƙe kaya kullum, sauran su zama 'yan kallo.

Akwai wata ƙaramar dabara da ba ta cin komai. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa ta auna, ta fitar da sakamakon a farkon shekarun 1970: malami idan ya yi tambaya, kimanin sakan ɗaya yake jira kafin ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira sakan 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu kawo dalili suka ƙaru, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki. Ki gwada gobe. Ki yi tambaya, ki ƙirga biyar a zuci, ko hannaye sun tashi kada ki nuna kowa. Shirun zai yi miki nauyi da farko. Idan yaro ya amsa ma ki ɗan dakata, sau da yawa ƙarshen maganarsa ya fi farkonta amfani. Kuma ki bar su su fara bayani da harshen da suke tunani da shi, kalmar littafi ta biyo baya ta zauna a kan abin da suka riga suka gane.

Babbar malamar da ta ce ki rubuta su kwafa, ban ɗauke ta maƙiyiyarki ba. Ta ga kin sha faɗa, tana so ta tsare ki, kuma wataƙila ita ma ta taɓa gwadawa ba ta sami mai tallafa mata ba. Amma ban yarda da shawararta ba, kuma ga dalilina. A shekarun farko na koyarwata na rubuta wa aji cewa raɓar da ke taruwa a jikin kofin ruwan sanyi daga tururin da ke cikin iska take. Suka kwafa, suka haddace, suka amsa daidai a gwajin mako. Bayan sati biyu na ajiye kofin ƙanƙara a kan tebur na tambaya daga ina ruwan jikinsa ya fito. Kusan duk ajin suka ce yoyo kofin yake yi. Washegari na zuba jan launi a ruwan, muka jira raɓa ta taru, na miƙa wa wata yarinya farin ƙyalle ta goge. Ta ɗaga ƙyallen ta juya shi gaba da baya, ya jiƙe amma fari fat. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "To ba daga ciki ba ne." Tun ranar na gane cewa yaro yana zuwa aji da nasa bayanin, kuma rubutun allo ba ya tumɓuke shi, a gefensa kawai yake zama. Gani ya kori ji. Duk da haka malamar nan tana da abin da ba ki da shi tukuna, wato iya riƙe babban aji. Ki je ki same ta da girmamawa, ki roƙe ta ta zauna a bayan ajinki ranar gwajin farko, ta gaya miki abin da ta gani. Wanda aka nemi taimakonsa ba kasafai yake zama mai suka ba.

Hedimasta bai kyauta ba da ya yi miki faɗa a gaban ɗalibanki, ofis aka yi domin irin wannan. Amma ki duba ta ɓangarensa: hayaniyar ta shiga wasu azuzuwa, littattafan yara sun jiƙe, iyaye shi za su tuhuma, haka ma idan sakamakon jarrabawa ya lalace. Ki same shi shi kaɗai, lokacin da ba ya cikin aiki, da takarda a hannunki. Ki ce, "Yallaɓai, abin da ya faru rannan rashin tsari ne daga wajena, na kuma gyara. Ga babukan da suka rage, ga makon da zan yi kowanne. Ina neman izinin minti 15 na gwaji sau ɗaya a mako, na tsawon mako huɗu, kuma zan so ka shigo ka gani." Idan maganar ta yi daɗi, a ƙarshe ki ƙara da cewa duk ranar da ya ga kuskurenki, za ki fi jin daɗi ya kira ki ofis, don yaran su ci gaba da jin maganarki. Sau ɗaya za ki faɗa, cikin ladabi, ki bar ta nan.

Uban da ya aiko kuwa, littafin 'yarsa shi ne tagar da yake leƙen ajinki ta ciki, ya leƙa ya ga wayam. Maganin ƙorafinsa da na hedimasta guda ne: kada a yi gwaji a tashi ba rubutu. Kowane yaro ya rubuta kwanan wata da tambayar ranar, abin da ya zata, zanen abin da ya gani da sunayen sassansa, sannan layi biyu ko uku da za ku tsara tare a allo, da kalmomin da za su fito a jarrabawa. Ka'ida ɗaya ki kafa, ba a goge hasashen da bai ci ba, a ƙarƙashinsa ake rubuta abin da aka gano. Rubutun bai kai yawan wanda suka saba kwafa ba, amma idan uban ya tambayi 'yarsa za ta iya yi masa bayanin kowane layi.

Idan kuma hedimasta ya ƙi sam, ba a rufe miki ƙofa ba. Akwai gwaje-gwajen da ko na ajin kusa ba zai san ana yi ba. Ki yago takarda biyu daga littafi ɗaya, ki duƙunƙune guda, ki sake su tare daga sama. Nauyinsu ɗaya, amma duƙunƙunanniyar ta riga sauka, saboda iska ta fi tare shimfiɗaɗɗiyar. Sai ki ba su labarin ɗan sama jannatin nan David Scott, wanda a 1971, a tafiyar Apollo 15, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata inda babu iska, suka dira lokaci guda. Ko su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun zuciya na sakan 30 su ninka biyu, su yi tashi-zauna sau 20, su sake ƙirgawa, ga kimiyya ga lissafi. Ko ki kafa sanda a fili, a sa dutse a ƙarshen inuwarta da safe, da lokacin tara, da lokacin tashi. Ko ki ba su aikin gida na zana wata kowane dare tun daga tsayuwarsa har ya cika, kimanin mako biyu, daga baya ki gaya musu zagayen duka kwana 29 da rabi ne. Irin wannan aikin gidan har iyaye yake jawowa waje su ɗaga kai.

Ta fuskar tsaro kada ki yi sassauci ko kaɗan. Ba a ɗanɗana kayan gwaji, ba a kallon rana kai tsaye, kwalba da wuƙa da wuta ba sa shiga hannun yaro, ƙananan batura masu kama da maɓalli da ƙananan mayen ƙarfe kuma ki nisanta su da aji, don haɗiye su na iya kai yaro asibiti. An taɓa ƙasa, a wanke hannu.

Saura ke kanki. Ba sai kin zama masaniyar kimiyya kafin ki koyar da aji huɗu ba, amma ki riƙa gaban yaranki da mako guda, ba dare guda ba. Ki ari littafin aji shida ko na ƙaramar sakandare ki karanta babin da ya yi daidai da naki, don ki san abin da ke bayan 'yan layukan da kike rubutawa. Kowane gwaji ki yi shi a gida tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ya ƙi yi a aji duk da haka, ki tambaye su me suke ganin ya hana, wannan ma darasi ne. Ki ware kusurwar allo ki rubuta "Tambayoyinmu", duk wadda ta fi ƙarfinki ta hau can da sunan mai ita, ki ɗauki ɗaya kowane mako ki bincika a littafi, ko intanet, ko wajen wani malamin kimiyya da kika sani.

Maganar sauya darasi ban rufe ta ba. Idan kin yi wannan har ƙarshen zango, kika ga har yanzu barci na gagararki saboda shi, ki nemi a yi musaya da wani malami, ko ku raba babukan, ba abin kunya ba ne. Ajiye aiki kuwa kada ki yanke shi a cikin makon da aka ɓata miki rai. Ki sami wanda kika amince da shi a gida ko a cikin abokan aiki ki riƙa sauke masa abin da ke ranki, kada ki riƙe shi ke kaɗai.

Wannan makon abu uku kawai nake so ki yi: ki kira yaron gefe, ki jiƙa auduga, ki shiga ofishin hedimasta da takardarki. Bayan mako huɗu ki sake rubuto mini. Ina so in ji abin da yaron nan ya ce ranar da aka buɗe kwali ya ga tsiron da ya tashi a cikin duhu. Allah ya dafa miki, Malama.